Zumurrudun Gwantu Da Ma'aunin Da Ke Aiki Cikin Matsanancin Sanyi

Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya nufi Jos ya kan ratsa ta Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, kuma galibin masu wucewa ba su san garin da wani abu ba in ban da kayan gonar da a ke kasawa a bakin hanya. Amma fa a wurin masanan duwatsu masu daraja na ƙasashen waje sunan Gwantu ya daɗe da shiga littattafai, domin a tsaunukan da ke gabas da garin, da kuma na wajen Nasarawa Eggon, aka haƙo waɗansu korayen duwatsu waɗanda suka fara shiga kasuwannin duniya cikin shekarun 1980, suka kuma jawo gardama tsakanin dillalai da masana.

Abin da aka yi gardama a kansa shi ne suna. Waɗansu suka ce zumurrudu ne, waɗansu suka ce a'a, koren beril ne kurum. To, asalin duwatsun biyu ɗaya ne, watau ma'adinin da a ke kira beril, wanda idan ya zo tsantsa garau ya ke kamar gilashi. Ɗan gaurayen da ya shiga cikinsa ne ke ba shi launi. Idan sinadarin kuromiyam ko banadiyam ne, sai ya yi kore shar, a kira shi zumurrudu. Idan kuwa ƙarfe ne, sai ya yi shuɗi-shuɗi ko kore mai dishi-dishi, a kira shi akwamarin ko koren beril. Gaurayen nan sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin dutsen ba, amma shi ne ke raba wanda za a saya da tsada da wanda za a saya da arha, ratar kuɗin kuwa ta kan kai ninkin ba ninkin. Cikin 1996 masana uku, Dietmar Schwarz da Jan Kanis da Judith Kinnaird, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Journal of Gemmology ta Ingila, inda suka nuna cewa duwatsun wannan yanki suna ɗauke da kuromiyam da banadiyam da ƙarfe, gwargwado daban-daban.

Shi kuwa wanda ya shiga rami da diga da shebur ya fito da dutsen, ba shi da hanyar sanin abin da ke cikinsa. Idonsa ne ma'auninsa, sai kuma abin da mai saye ya faɗa masa. Awon gaskiya sai dutsen ya isa manyan kasuwanni irin su Idar-Oberstein ta Jamus, ko Bankok, ko Jaipur ta Indiya, lokacin nan kuwa ya riga ya bar hannun mai shi da daɗewa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sabo da haka a wannan mako filin nan zai duba yadda a ke gane abin da ke cikin dutse ba tare da an fasa shi ba, da kuma wani sabon ma'auni wanda ya fi na da kaifi nesa ba kusa ba.

Kowane Sinadari Da Tambarinsa

Mai karatu ya san hoton ƙashi da a ke ɗauka a asibiti. Hasken da a ke ɗaukarsa da shi, watau eksire, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Röntgen ya gano shi ran 8 ga Nuwamba 1895. Cikin 1900 kuma Paul Villard na Faransa ya gano wani haske da ya fi wannan ratsa jiki, wanda ke fitowa daga cibiyar ƙwayar zarra, aka sa masa suna gamma. Dukansu biyu ido ba ya ganinsu, kuma suna zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da ƙarfinta. Ana auna ƙarfin da wani ma'auni mai suna eV. Ƙwayar hasken da ido ke gani tana da eV 2 zuwa 3, ta eksire tana da dubbai, ta gamma kuwa ta kan kai dubu ɗari har zuwa miliyoyi.

Cikin 1913 wani saurayi Bature ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna cewa idan aka tsokani sinadari sai ya fid da eksire mai ƙarfi na musamman wanda ba ya canzawa, kamar yadda kowane sarki ke da tambarinsa. Moseley ya mutu a fagen yaƙi a Gallipoli cikin 1915 yana da shekara 27, amma a kan aikinsa aka gina na'urorin da a ke haska dutse da su a yau. Na'urar ta kan harba eksire a jikin dutsen, sinadaran da ke ciki su mayar da nasu, sa'an nan ta ƙirga ƙwayoyin da suka dawo, ta zana tudu a kan kowane ƙarfi. Wurin da tudun ya tsaya shi ke nuna sunan sinadarin, tsawonsa kuma ya nuna yawansa.

A nan ne gizo ke saƙa. Babban tudun kuromiyam yana kan eV 5,415, alhali banadiyam yana da wani tudu nasa a kan eV 5,427, watau tsakaninsu eV 12 ne kacal. Na'urorin da aka saba da su, waɗanda idonsu na silikon ne, ba su iya zana tudun da faɗinsa ya gaza eV 120 zuwa 130 a wannan wuri, sabo da haka tuddan biyu sai su haɗe su zama ɗaya, kamar tsaunuka biyu da aka hango daga nesa cikin hazo. Dabarar da a kan yi ita ce a duba ɗayan tudun banadiyam da ke kan eV 4,952, kwamfuta ta ƙiyasta rabonsa ta cire. To, amma shi ma wannan tudu yana da maƙwabci, domin titaniyam yana da nasa a kan eV 4,932. Idan sinadaran suna da yawa lissafin ya kan fita daidai, idan kuwa ɗan ɓurɓushi ne sai kuskure ya yi yawa, dole a koma ga waɗansu hanyoyi masu tsada.

Dalilin wannan iyaka kuwa shi ne, idon silikon yana mai da ƙarfin haske ya zama ƙwayoyin lantarki, kowane eV 3.6 ya ba da ƙwaya ɗaya. Hasken kuromiyam ya kan ba da wajen 1,500, amma adadin ba ya zuwa daidai kullum, wani zubin ya ɗara wani zubin ya gaza. Kamar mai awon hatsi da mudu ne, wanda kome adalcinsa wani mudun ya fi wani tozo.

Ƙarfen Da Ya Daina Tirjiya

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wani fanni dabam. Kowace waya tana yi wa lantarki tirjiya, shi ya sa ta ke ɗaukar zafi. Ran 8 ga Afrilu 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam, ita dai zaibar nan da masu wankin zinariya suka sani. Da sanyin ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin salshiyas, sai tirjiyar ta ɓace ɗungum, lantarki ya riƙa gudu ba abin da ke tare shi. Bai daɗe ba ya ga kuza da dalma su ma suna yin haka, aka kuma ba shi kyautar Nobel cikin 1913. Ƙarshen sanyi baki ɗaya, wanda ba a wuce shi, shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifiri, daga nan ne kuma ma'aunin kelbin ke fara ƙirga. A wannan ma'auni zaiba ta kan daina tirjiya a digiri 4.2, kuza a 3.7, niyobiyam a 9.2.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda sauyin ke aukuwa farat ɗaya. Tsakanin rashin tirjiya da dawowarta akwai wata siririyar gaɓa, wadda faɗinta a waɗansu ƙarafa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na digiri ba. Idan aka tsai da ƙarfe daidai bakin wannan gaɓa, ɗan zafi kaɗan ya isa ya sa tirjiyarsa ta yi tsalle. Donald Andrews na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gwada wannan dabara tun cikin shekarun 1940, amma tsai da ƙarfen a bakin gaɓa ya yi wuya, domin da ya ɗan motsa sai ya zarce. Sai cikin 1995 Kent Irwin, a Jami'ar Stanford, ya nuna hanyar da ƙarfen zai riƙa tsai da kansa. Idan aka riƙe ƙarfin turin lantarkin bai canza ba, to da zafi ya shigo tirjiya ta hau, sai lantarkin da ke ratsawa ya ragu, zafin da shi kansa ke haifarwa ya ragu, ƙarfen ya komo wurinsa. Turawa suna kiran wannan na'ura TES, watau ma'aunin bakin gaɓa.

Ga yadda a ke gina ta. A kan shimfiɗa ƙarafa biyu, alal misali molibdinam da jan ƙarfe ko zinariya, su yi siririn faifai wanda gaɓarsa ke wajen kashi 1 cikin 10 na digirin kelbin. Wannan sanyi ya fi na sararin samaniya mai nisa, inda ma'auni ke nuna 2.7. A bisa faifan a ɗora wani ɗan ƙarfe mai kama haske. Ƙwayar eksire ɗaya tak ta faɗo, ƙarfinta ya zama zafi, tirjiya ta hau, lantarki ya ragu, wata na'ura mai tsananin ji da a ke kira SQUID ta auna ragin. Dalilin neman sanyi mai yawa haka shi ne, a cikinsa ƙwayoyin zarrar ƙarfen sun kusa daina kaɗawa, sabo da haka hayaniyar da za ta rufe ɗan zafin ƙwaya ɗaya ta ragu ƙwarai. Da wannan hanya an sami tudun da faɗinsa bai wuce eV 2 ba a inda silikon ke ba da 125, kuromiyam da banadiyam kuwa sai su fito kowa da tudunsa.

Amfanin wannan ya wuce duwatsun ado. Babban tudun dalma da na gubar arsenik suna kusa da eV 10,550, ratarsu ba ta kai eV 10 ba. Mutanen Zamfara sun san muhimmancin awon dalma, domin cikin 2010 gubarta, wadda ta fito daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma da na'urorin eksire na hannu aka bi gida-gida ana auna ƙasa kafin a kwashe ta. Cikin 2021 masana a cibiyar SPring-8 ta Japan suka ba da rahoton rarrabe tambarin dalma da na arsenik da ma'aunin bakin gaɓa. Cikin 2018 aka fara harba irinsa sararin samaniya a wata roka mai suna Micro-X, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai kuma tana shirin ɗora sama da 1,000 a kan madubin hangen nesa Athena, wanda a ke sa ran harbawa a ƙarshen shekarun 2030.

Kuza Da Kwalambayit

Idan aka zo ga hasken gamma, ƙarfen da masanan hukumar NIST da ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka suka zaɓa ya kama hasken shi ne kuza. Sun zaɓe ta ne domin tana tare hasken, kuma idan ta shiga halin rashin tirjiya ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya ɗaga zafinta. Ɗan yankin da a ke ɗorawa bai fi ƙwayar ridi girma ba. A wajen eV 100,000, inda idon jamaniyam ke ba da tudu mai faɗin kimanin eV 500, irin waɗannan na'urori sun ba da ƙasa da 100, waɗansu ma ƙasa da 30. A daidai wannan wuri ne tambarin ire-iren fulutoniyam da yuraniyam ke cunkushe, sabo da haka masu sa ido kan makamashin nukiliya suna bukatarsu don su tabbatar ba a karkatar da kome ba. Los Alamos ta ƙera wata mai suna SOFIA wadda ke da idanu 256. Wayoyin da ke cikin irin waɗannan na'urori, da SQUID ɗin kansa, galibi da niyobiyam a ke yin su, haka kuma babban maganaɗisun na'urar MRI ta asibiti da gaurayen niyobiyam da titaniyam a ke naɗa shi.

Duk wanda ya san tarihin Filato da kudancin Kaduna ya san waɗannan ƙarafa biyu. Niyobiyam daga kwalambayit a ke samunsa, baƙin yashin nan da ke fita tare da kuza, wanda da can zubar da shi a ke yi. Cikin 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, reshen Jos ya riƙa sauko da kuza zuwa Fatakwal. A ramin kuza ne aka fara tsintar gumakan Nok cikin 1928. Bayan Japan ta kama Malaya cikin 1942, Ingila ta matsa wa ma'adinan Filato, aka kwaso mutane aikin tilas daga lardunan Arewa, har abin da aka haƙa cikin 1943 ya kai kimanin tan 17,000. A farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka ke tara kwalambayit don injinan jiragen yaƙi, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fid da shi. Kasuwar kuza ta rushe cikin Oktoba 1985, a yau kuma Burazil ke ba duniya wajen kashi 9 cikin 10 na niyobiyam. Abin da aka bar wa yankin shi ne tafkuna da tulin yashin wanki, wanda ke ɗauke da monazayit mai toriyam, mai fid da hasken gamma, kuma an sha samun mutane suna ɗibarsa don gini da yaɓe.

Abin Da Zai Yiwu Yanzu

Kada mai karatu ya zaci gobe za a ga wannan ma'auni a bakin rami a Sanga. Idonsa ƙarami ne ainun, kuma bayan kowace ƙwaya sai ya ɗan huce kafin ya karɓi wata, shi ya sa a ke jera ɗaruruwa wuri ɗaya. Yana bukatar firiji na musamman wanda ke ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya kai sanyin da a ke so, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Daɗin daɗawa, hasken gamma mai ƙarfi sosai ratsa ɗan yankin kuzar ya ke yi ya wuce. Babban tambarin zuriyar toriyam yana kan eV 2,614,000, sabo da haka awon yashin wanki har yanzu aikin idon jamaniyam ne.

Shi wannan kuwa akwai shi a ƙasar nan. Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1, ƙirar Sin, mai ƙarfin kimanin kilowat 30 sa'ad da aka kunna ta cikin Fabrairu 2004. Cikin 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfi, aka mai da na farko Sin. A kan sa ɗan ƙasa ko garin dutse a cikinta, sa'an nan a auna hasken gamma da ya ke fitarwa da idon jamaniyam, wanda shi kuma sai an sanyaya shi da ruwan naitirojin zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri. Akwai kuma ɗakunan gwaji na Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa a Kaduna, da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa wadda ta fara aiki cikin 2001.

Ya kamata hukumomi su fara da abin da hannu zai kai. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi cibiyoyin sayen ma'adinai da taimaka wa ƙananan mahaƙa. Cibiyar saye wadda ba ta da ma'auni amfaninta kaɗan ne, don haka ya dace Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Kaduna su ajiye na'urar eksire ta tebur ko ta hannu a Gwantu da Kafanchan, da ma'aikaci horarre wanda zai ba mahaƙi takardar sakamako kafin ya shiga ciniki. Ko da na'urar ba ta kai sabuwar kaifi ba, ta isa ta nuna ko akwai kuromiyam a koren dutse, ta faɗi yawan tantalam da niyobiyam a buhun baƙin yashi, ta kuma yi gargaɗi idan akwai dalma. Abin da ya gagare ta a aika Zariya ko Kaduna a kan kuɗin da talaka zai iya biya.

Na biyu, a riƙa auna tulin yashin wanki da rijiyoyin da ke kusa da tsofaffin ramuka a kai a kai, a kuma sanar da hakimai da dagatai sakamakon cikin harshen da jama'arsu ke ji. Na uku, a tabbatar wa cibiyar Zariya wuta da ruwan naitirojin, domin idon jamaniyam ba ya aiki sai da sanyi. Na huɗu, jami'o'i su tura ɗalibai su koyo ilmin matsanancin sanyi a wuraren da a ke ƙera waɗannan na'urori. Daga gwajin Irwin na 1995 zuwa shigar ma'aunin bakin gaɓa manyan cibiyoyin bincike an ɗauki kusan shekara 20, kuma firijinsa yana ta ƙara ƙanƙancewa. Duk ranar da ya zama kayan da jami'a za ta iya saya, za a nemi waɗanda suka san yadda a ke kunna shi da gyara shi, horar da irinsu kuwa ya kan ci shekaru. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, akwai kuma Kwalejin Ilmi a Gidan Waya, dukansu kusa da ramukan da zumurrudun ya fito, kuma daga cikin 'ya'yan masu haƙar ne ya kamata a fara zaɓen waɗanda za a tura.